Kling AI da tsofaffin hotunan gida: inda yake burgewa da inda yake sauya wa mutum kamanni

Duk wanda zai ɗora hoton mahaifinsa ko na ɗaurin auren yayarsa a Kling AI, injin ƙirƙirarriyar basira mai mayar da hoto bidiyo, ya fara riƙe wannan lissafi. Bidiyon daƙiƙa biyar hotuna ne 120 zuwa 150 da aka jera, suna wucewa da sauri har ido ya ga motsi. A cikinsu guda ɗaya tak, na farkon, shi ne wanda ka bayar. Ragowar duk injin ne ya zana su da hasashe. In abin da aka nemi ya hasaso kaɗan ne, kamar ƙifta ido ko kaɗawar gefen mayafi, sakamakon kan sa tsigar jiki ta tashi. In kuwa aka sa shi ya juya kan mutum ko ya buɗe masa baki da dariya, za a samu bidiyo mai kyan gani, amma na wani bawan Allah dabam.

Kling na kamfanin Kuaishou ne da ke Beijin a ƙasar Sin, kamfanin da aka fi sani da manhajar gajerun bidiyo mai gogayya da Douyin, wato TikTok na ƙasar Sin. An fito da shi a watan Yunin 2024, watan da abokan gogayyarsa ma suka fito da nasu: kamfanin Luma ya saki Dream Machine, kamfanin Runway kuma ya sanar da Gen-3 Alpha. Daga nan sababbin fitowa suka riƙa biyo juna: 1.5 a Satumbar 2024, 1.6 a Disamba, 2.0 a Afrilun 2025. Yana yin bidiyo daga rubutu zalla, yana kuma yi daga hoto, kuma wannan na biyun ne abin dubawarmu. Ana shiga ta shafinsa na intanet ko ta manhajar waya. Aikin lissafin duk a manyan kwamfutocin kamfanin ake yin sa, saboda haka ƙaramar waya ma ta isa. Abin da ake buƙata daga gare ta shi ne ta ɗora hoto, ta sauke bidiyo. Ko an rufe shafin bayan an tura aiki, yana ci gaba da kansa.

Hukuncin a taƙaice: ga hoton mutum ɗaya ko biyu da fuskokinsu suka fito sosai, da hoton wuri irin su kogi, kasuwa daga nesa, hayaƙin murhu ko tutoci a iska, Kling ya cancanci kuɗinsa. Ga hoton taron dangi mai mutum ashirin, ko hoton da rubutu ke da muhimmanci a cikinsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yana da kyau a san bambancinsa da Deep Nostalgia, wanda kamfanin binciken asalin dangi MyHeritage ya fitar a Fabrairun 2021 da fasahar kamfanin D-ID, domin mutane da yawa nan suka fara ganin hoton mamaci yana motsi. Deep Nostalgia ba ya karɓar umarni. Yana da bidiyoyin mutane na gaske da aka ɗauka tun farko suna ƙifta ido, suna ɗan murmushi, suna karkata kai, sai ya ɗora wannan motsin a kan fuskar da ke hotonka. Fuska ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, jiki da bango ba sa motsi, kuma da gangan aka hana shi magana a farko don kada a yi amfani da shi wajen ƙaga wa mutane zance. Ƙuntatarsa ita ce kariyarsa: tunda motsin ƙayyadadde ne, ba ya nisa da kamannin mai hoton. Kling kuwa yana farawa ne daga wani irin yayyafin ɗige-ɗige marar siffa, yana share shi mataki-mataki har hotunan bidiyon su bayyana, yana waiwayar hotonka da umarninka don su yi masa jagora. Shi ya sa yake iya motsa komai da ke cikin hoton, riga da labule da inuwa, shi ya sa kuma yake iya ɓata komai.

Gyaran hoto kafin a ɗora

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a wannan aiki Larabar ita ce yadda aka mayar da hoton takarda ya zama na waya. Shafin yana karɓar JPG da PNG, nauyi kada ya wuce megabait 10, kowane gefe kada ya gaza fiksel 300, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Wannan 300 ɗin iyakar karɓa ce kawai. Hoton da ya tsaya a nan zai shiga, amma fuskar za ta narke tun a daƙiƙa ta biyu. A nemi gajeren gefen ya kai fiksel 1080 ko fiye.

In akwai sikana, irin wadda ake samu a shagunan buga takardu, a duba girman hoton kafin a zaɓi ƙarfin ɗauka. Hoto mai inci 6 da 4 a kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, yana ba da fiksel 1800 da 1200, wanda ya wadatar. Hoton fasfo mai milimita 35 da 45 kuwa, a kan 300 dpi bai wuce fiksel 413 da 531 ba. Shi sai an kai 1200 dpi, inda zai ba da kusan 1650 da 2120. Masu shago sun saba barin na'urar a kan saitin takardar rubutu, wanda ke ƙara baƙi da fari har ya cinye tsaka-tsakin launi. A ce musu su mayar da ita kan saitin hoto mai launi, ko da hoton baƙi da fari ne, domin a nan ne inuwar kunci da goshi ke tsira.

In da waya za a ɗauka, a cire hoton daga firem ko daga ledar albam, a shimfiɗa shi kusa da taga da hantsi, inda haske ke shigowa ta gefe ba tare da rana ta bugi takardar ba. A kashe filasha. A riƙe wayar daidai saman hoton, kada ta karkata, in ba haka ba goshi zai faɗaɗa haɓa ta tsuke, injin kuma zai ɗauka haka fuskar take. Hoton da ya manne da gilashinsa saboda damshi kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare shi, fuskar takardar za ta bi gilashin. Irin wannan manhajar PhotoScan ta Google ta fi dacewa da shi: tana sa a matsar da wayar kan ɗigo huɗu, ta haɗa ɗaukan, ta cire ƙyallin gilashi.

Wani abu da ke kashe aiki tun bai fara ba shi ne hoton da ya yi yawo a WhatsApp. Duk lokacin da aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi don rage nauyi. Wanda aka ɗauki hoton allonsa aka sake turawa kuwa ya ƙara lalacewa. Ido ba lallai ya lura ba, amma injin yana ganin ƙananan murabba'an da matsewar ta bari a kan fata, yana ɗaukarsu wani ɓangare na fuskar, sai su riƙa rawa a bidiyo kamar tururuwa. A roƙi mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu.

Tabo, karce da layin lanƙwasa ma haka. Kling bai san karce ba ne. Layin da ya ratsa kafaɗa zai iya mayar da shi igiya ko gefen gyale, ya motsa shi tare da jiki. A goge su da kayan goge tabo na Snapseed ko Photoshop kafin a ɗora. Sai dai a nan akwai tarko: manhajojin da ke gyara tsohuwar fuska da dannawa ɗaya suna yin aikin ne ta hanyar sake zana fuskar. Suna sulɓe fata, suna ƙara wa ido haske, kuma ba sa bambanta karcen takarda da tsagar gado. Dattijon da ke da bille ko zube a kunci zai iya fitowa fes ba ko ɗaya, kuma a idon iyalinsa wannan ba shi ba ne. In dole sai an yi amfani da su, a ajiye hoton asali a gefe, a gwada fuska da fuska, a mayar da abin da aka share. Sanya wa hoton baƙi da fari launi shi ma hasashe ne. Rigar da aka san shuɗiya ce ta turkuɗi tana iya fitowa ruwan ƙasa. Hoton baƙi da fari yana motsi lafiya lau a yadda yake, kuma ya fi ɓoye ƙananan kurakuran injin.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne yanka. Bidiyon yana bin siffar hoton da aka ɗora. Mai son na tsaye don sitatus ko TikTok ya yanka hoton 9:16 tun farko, mai son na kwance don YouTube ko majigin taron biki ya yanka 16:9. A bar ɗan fili sama da hula da gefen kafaɗu. In gefen hoton ya yanke rabin hannu ko saman rawani, da zarar mutumin ya motsa sai injin ya ƙirƙiro ragowar.

Saiti da umarni

A fitowar da aka ambata a sama, ana zaɓar tsawon daƙiƙa biyar ko goma. A zaɓi biyar. Kamanni yana zamewa ne sannu a hankali yayin da bidiyon ke nisa da hoton farko, kuma mafi yawan ɓarna a rabin ƙarshe take faruwa. Na goma ninki biyu ne a kuɗi, ga shi sau da yawa sai an yanke wutsiyarsa an yar. Akwai kuma hanyar ƙara tsawon bidiyon da aka riga aka yi, amma ga fuskar da aka sani ba ta da amfani sosai, domin ƙarin yana tasowa ne daga hoton ƙarshe na bidiyon, wanda ya riga ya ɗan kauce.

Akwai matakin inganci biyu, na gama-gari da na ƙwararru. A fitowar 1.5 da 1.6 na gama-gari 720p yake bayarwa, na ƙwararru 1080p. Bambancin bai tsaya ga kaifin hoto ba. Na ƙwararru ya fi riƙe ƙananan abubuwa irin aikin wuyan riga da gashin gira. Dabarar da ta fi araha ita ce a gwada umarni a na gama-gari har a ga irin motsin da ake so, sannan a maimaita a na ƙwararru, tare da sanin cewa ba za a samu bidiyo iri ɗaya sak ba. Kowane gwaji daga sabon yayyafi yake farawa. Hoto ɗaya da umarni ɗaya, in aka tura sau huɗu, bidiyo huɗu mabambanta za su fito.

Umarnin a rubuta shi da Turanci, tunda da shi da Sinanci injin ya fi ganewa. Wanda Turancin bai zauna masa ba ya rubuta da Hausa ya fassara a Google Translate, sannan ya sake juyo fassarar zuwa Hausa ya ga ko ma'anar ta tsira. Kuskuren da aka fi yi shi ne bayyana abin da ke cikin hoton: tsoho sanye da babbar riga da hula yana zaune a kan kujera. Injin ya riga ya ga wannan, kuma in kalmomin suka saɓa da abin da ya gani, zai iya sake zana rigar ta dace da tasa fahimtar. Abin da yake buƙata uku ne: wa zai motsa, wane motsi, kyamara kuma me za ta yi. Misalin umarnin da ke aiki ga hoton dattijo shi ne a ce mutumin yana numfashi a hankali, ya ƙifta ido sau ɗaya, bakinsa a rufe, yana kallon kyamara, kyamarar kuma ba ta motsi. Jimla biyu sun isa. Motsi ɗaya ko biyu a kowane bidiyo. Wanda ya jera biyar, ya ɗaga hannu ya yi dariya ya tashi ya juya ya tafi, zai ga an cusa su cikin daƙiƙa biyar kamar ana koran mutumin.

Maganar kyamara ba ƙaramar magana ba ce. In ba a ce ta tsaya ba, injin yana son matsowa ko zagayawa, irin yadda ake yi a talla. Zagayawa na nufin sai ya zana gefen fuska da bayan ɗaki waɗanda babu su a hoton. Matsowa a hankali ita kaɗai ce ba ta da haɗari sosai, tunda ba ta bayyana wani sabon abu.

A fitowar da ke da akwatin abubuwan da ba a so, a cika shi: magana, buɗe baki, sauya fuska, ƙarin yatsu, dusashewa. A waɗanda ke da ma'aunin da ake ja tsakanin ƙirƙira da bin umarni, a ɗan karkata shi wajen bin umarni, amma kada a kai shi ƙarshe, don hoton kan yi tauri. A Satumbar 2024 aka ƙara burushin motsi, inda ake shafa wurare har shida a ja wa kowanne layin da zai bi, a kuma shafa inda ake so ya tsaya cik. Ga tsohon hoto wannan na biyun ya fi daraja: a shafe bango, allon shago da duk wani rubutu da burushin tsayawa. Ba kowace fitowa ke da waɗannan kayan ba, don haka wani lokaci tsohuwar fitowa ta fi sabuwa dacewa da wannan aiki, ko da sabuwar ta fi ta iya motsi mai yawa.

Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce ta hoton farko da na ƙarshe. Kling yana ba da damar a sa hoton da bidiyo zai fara da shi da wanda zai ƙare a kansa. A sa hoto ɗaya a duka biyun. Fuskar za ta ɗan motsa, sannan dole ta dawo kan kamanninta na asali, bidiyon kuma zai iya maimaita kansa ba tare da an ga mahaɗa ba. Illarta ita ce wani lokaci motsin kan yi ƙanƙanta har ya zama kamar babu, sai an ƙara wa umarnin ƙarfi.

Abin da ke lalacewa, da dalilinsa

Haƙori ne na farko. Mutanen zamanin da ba sa yawan buɗe baki a hoton situdiyo, kuma da zarar an rubuta murmushi, injin zai raba leɓɓa ya jera fararen haƙora daidai wa daida. Bai san tsohuwar tana da wushirya ba, bai san da haƙorin Makka ba, bai san goro ya rina na malam ba. Iyali kuwa da wannan suke gane nasu. In ana son fara'a, a rubuta ɗan murmushi da baki a rufe.

Na biyu juya kai. Hoton gaba ba ya nuna tsawon hanci daga gefe, ko siffar kunne, ko yadda ƙeya take. Da kai ya juya ya wuce ɗan karkatawa, injin zai cike gurbin da matsakaiciyar fuskar da ya koya daga ɗimbin bidiyon da aka horar da shi da su. A nan ne hanci ke sirancewa, tsagar kunci ke dusashewa ko ta koma wani wuri, wani lokaci ma fata ta yi haske fiye da yadda take. Wannan na ƙarshe ya fi faruwa a hoton da fuskar baƙin mutum ta faɗa cikin inuwa saboda farar riga ta rinjayi kyamara, abin da ya zama ruwan dare a hotunan salla da na ɗaurin aure. Maganinsa a ɗaga hasken inuwa kaɗan kafin a ɗora, yadda ido da gefen hanci za su fito, ba tare da an taɓa launin fatar ba.

Na uku ƙananan fuskoki, kuma wannan ba laifin umarni ba ne. Da yawa daga cikin injunan wannan zamani ba sa aiki a kan hoton kai tsaye. Suna matse shi tukuna, galibi kusan ninki takwas ta kowane gefe, su yi lissafinsu a kan matsattsen, sannan su buɗe shi. A hoton taro mai faɗin fiksel 1920, fuskar mutumin da ke layin baya ba za ta wuce fiksel 60 ba. Bayan matsewa ta koma ɗigo bakwai ko takwas. Ba a riƙe kamannin mutum da ɗigo takwas. Shi ya sa 'yan layin gaba kan fito lafiya, na baya su zama kamar an shafa musu hannu a fuska. In hoton taro ne kaɗai ake da shi na wani, a yanko shi shi kaɗai daga sikanin mai ƙarfi, a motsa shi dabam. A matsayin ma'auni, fuska ta ci aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na tsayin hoton.

Sai sutura, inda aikin ke rabuwa biyu. Yadi marar ado, farar shadda, mayafi, hijabi, labule, duk Kling yana kaɗa su da kyau ƙwarai, har ninkin yadin da inuwarsa suna tafiya yadda ya kamata. Wannan na cikin abubuwan da ya fi ƙwarewa a kai. Amma zane mai maimaituwa yana ba shi wahala. Aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ɗinkin hular zanna bukar, zanen atamfa, ramukan leshi, da zanen lalle a bayan hannu, duk suna iya yin kamar suna tafasa, layukan suna sauya wuri daga hoto zuwa hoto. Muddin ƙirji bai motsa sosai ba, aikin rigar yana zaune. Rawani kuma, musamman mai amawali, injin kan rasa inda yadi ya ƙare da inda gemu ya fara, sai ya haɗe su in kai ya sunkuya.

Hannu ya yi sauƙi a sababbin fitowa, amma har yanzu hannun da ke riƙe da abu wurin haɗari ne. Carbi kan narke cikin yatsu, sanda ta lanƙwashe, kofin shayi ya sauya girma. Musafaha da runguma sun fi muni, don hannaye huɗu ne ke cuɗanya. Hoton hawan salla yana ba da sha'awa a gwada, kuma in aka tsaya ga kaɗa kan doki, motsin jela da ƙurar da ke tashi, yana fitowa da kyau. Da an ce dokin ya yi sukuwa, sai a fara ƙirga ƙafafu, kayan doki kuma su haɗe da rigar mahayi.

Rubutu kam ba ya tsira in ya motsa. Allon shago, lambar mota, kwanan watan da situdiyo ta buga a ƙasan hoto, ajami a kan allo, duk suna rikiɗa su zama wasu alamomi marasa ma'ana. In rubutun aya ne ko sunan Allah, wannan ya wuce matsalar kyan gani. A yanke wurin, ko a tsayar da shi da burushi, ko a bar hoton yadda yake.

Kuɗi

Da maki ake biya: ana sayen su da kuɗi, kowane bidiyo kuma yana cin wani adadi. A farkon buɗe shafin ga duniya a 2024 ana ba kowa maki 66 kyauta kullum, daga baya aka sauya tsarin. A zamanin 1.6, bidiyon daƙiƙa biyar na gama-gari maki 20 ne, na ƙwararru 35, na daƙiƙa goma kuma ninki. A lokacin, ƙaramin rajistan wata, na kusan dala 10, yana zuwa da maki 660. A takarda bidiyo 18 ke nan na ƙwararru. Amma mai hankali zai yi kasafin gwaji uku ko huɗu kafin ya samu guda da zai iya nuna wa dangi, wanda ya rage 18 ɗin ya koma huɗu zuwa shida. Farashin yana sauyawa da kowace fitowa, kuma adadin makin da aiki zai ci yana bayyana a jikin maɓallin turawa, a duba shi kafin a danna. Makin da aka kashe a bidiyon da ya kammala amma bai yi kyau ba, ya tafi ke nan.

Na kyauta ya isa a gane ko hoto zai karɓi motsi, sai dai yana zuwa da tambarin kamfanin a kusurwa, kuma layin jira kan yi tsawo sosai lokacin cunkoso, alhali mai biya mintuna kaɗan yake jira. Wanda zai nuna bidiyon a walima ko taron suna kada ya bari sai daren ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistan yana sabunta kansa duk wata, don haka mai aikin lokaci ɗaya ya soke sabuntawar da zarar ya biya. Biyan kuma da kuɗin waje ne, kuma ba kowane katin naira ke wucewa ba, a tabbatar da wannan kafin a yi wa wani alkawarin aiki.

Ga mai neman madadin, Google ya sa irin wannan aiki a manhajarsa ta Gemini a Yulin 2025 da injin Veo 3, bidiyon daƙiƙa takwas har da sauti, ga masu biyan rajista. Mai kwamfuta mai ƙarfin katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo, kuma yana iya sauke LivePortrait, wanda masu bincike na Kuaishou ɗin suka saki kyauta a 2024. Shi irin tsarin Deep Nostalgia yake bi, sai dai kai ne za ka ɗauki bidiyon fuskarka kana yin motsin da kake so, a ɗora shi a kan hoton. Fa'idarsa hoton ba ya barin kwamfutarka.

Wannan batu na barin hoto ya cancanci a tsaya a kansa. Duk abin da aka ɗora a Kling yana tafiya kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa. Mai shagon da ke karɓar hotunan mutane yana yi musu wannan aiki ya gaya musu haka, musamman hotunan mata da yara. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi sarrafa bayanan da ke nuna ko wane ne mutum, kuma hoton fuska na ciki. Hoton mamaci kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Abin da jika ya gani ya ji daɗi, matar marigayin tana iya gani a sitatus ba shiri ya tayar mata da mikin da ya fara warkewa, wasu gidajen ma ba sa son a yi wa mamaci haka sam. A tambayi manya kafin a yaɗa. Akwai kuma kayan daidaita leɓe da murya a cikin Kling, wanda ke sa fuska ta furta abin da aka ɗora mata. Sa wa malami, basarake ko mamaci maganar da bai yi ba, ko haɗa namiji da macen da ba muharramarsa ba a bidiyon runguma irin wanda ya yi tashe a 2024, abu ne da zai iya kai mutum gaban hukuma. YouTube tun Maris 2024 yana buƙatar mai ɗora bidiyo ya bayyana in an ƙirƙiri abin da ya yi kama da gaske, TikTok da Facebook ma suna da alamar da ake maƙalawa.

Bayan an sauke bidiyon, a kalle shi a hankali a babban allo, ana tsayar da shi kowane rabin daƙiƙa, ido a kan baki, kunne da yatsu. A manhajar yanka bidiyo irin CapCut a yanke daga inda fuskar ta fara kaucewa, ko da daƙiƙa uku ne suka rage. A rage saurin zuwa 0.8, sannan a kwafi guntun a juya kwafin ya tafi da baya a manna a ƙarshensa: daƙiƙa uku sun zama kusan bakwai da rabi, kuma bidiyon ya ƙare a kan hoton asali. Juyawa da baya tana aiki ga ƙifta ido da numfashi, amma ba ta yi wa hayaƙi ko ruwa mai zuba, don za a ga suna komawa inda suka fito. A sa hoton asali tsaye na daƙiƙa biyu a farko, tare da ɗan rubutu cewa da ƙirƙirarriyar basira aka motsa shi. Wajen turawa dangi a WhatsApp kuma a tura shi a matsayin fayil, ko a danna HD, in ba haka ba matsewar za ta cinye kaifin da aka biya maki 35 dominsa.